Ruwan Alwala a Gindin Tuffa

Shekarun baya can, tun Turawa ba su naɗe tabarmarsu ba, ina ƙaramin akawu a wani ofishin gwamnati a Kaduna, na taɓa shuka itacen tuffa a gidan da nake zaune a Kawo. Na san wasunku za su yi dariya. Ku yi abarku, ni ma yanzu dariyar nake yi. A lokacin ina da sabon keke da agogon hannu, ga wani ji da kai da ke raɗa mini cewa duk abin da Bature ya ci, ƙasar gidana ma za ta iya fid da shi.

Abokina ne ya jawo mini. Malamin gona ne, tare muka yi makaranta a Zariya. Ya je wani kwas a Jos, ya dawo mini da ɗan dashe a cikin gwangwani, ya ce an yi masa aure kamar yadda ake yi wa mangwaro. Ya ƙara da cewa kada in sa rai da yawa, don itacen ƙasar sanyi ne. Wannan ɓangare na maganarsa bai shiga kunnena ba.

Mu uku ne a gidan: ni, da mahaifiyata, da ƙanwata wadda ita ce auta. Bayan rasuwar mahaifinmu na ɗauko su daga Zariya. Ni ne ɗan fari, kuma yaran yanzu ba lalle su gane nauyin wannan ba. Mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta zama hira inda nake. In tana da magana sai ta bi ta kan auta, ko da kuwa ina tsaye a gabanta: "Ki gaya wa yayanki tuwo na hucewa." In auta ba ta nan, sai ta gaya wa kajinta, ni kuma in tsinta. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, haka na taso na ga ana yi. Amma in na shigo na tarar da auta kwance a cinyarta ana yi mata tsifa suna ta dariya, sai in wuce ɗakina da ɗan kishi, ƙato da ni.

Ranar da na dasa itacen, abin da ta ce wa auta shi ne, "Mutane sun bar gwanda da gwaiba, sun koma shuka abin da ba a san kakansa ba." Ba a jima ba kuwa na ga ta ɗauke 'yar kujerar da take alwala a kai daga bakin rariya ta mai da ita gindinsa. Kowace salla a nan take alwala, ruwan na gangarawa cikin ramin. In ta gama, sai ta tsiyaye sauran ruwan butar a tafin hannu, ta yi bisimilla, ta yayyafa wa ganyen daga sama har ƙasa. In ta yi shara, ganyen da ya zuba ba ta kai shi juji, sai ta tattara masa a gindi don ya zama taki. Ta taga nake kallonta. Na san abin da ake yi. Abin da al'ada ta hana ta yi mini ne take yi wa itacena, kuma babu abin da ya kai wannan daɗi a wurina duk tsawon zamanmu a gidan nan.

Da damina ta kankama sai ƙwari suka zo. Wasu ƙanana ne kore-kore, kamar ƙwarƙwata, sun yi cincirindo a bayan sabon ganye har ya nannaɗe, kiyashi kuma na ta hawa da sauka. Abokina ya ce wannan ba wani abu ba ne: in jiƙa busasshen ganyen taba da sabulun salo ya kwana, in tace, in fesa a bayan ganyen da famfon feshin sauro, in kuma zagaye gindin da toka saboda kiyashin. Na yi, ƙwarin suka mutu. Ni kuma na yi mako ina warin taba, har babban akawunmu ya ja ni gefe ya yi mini nasiha a kan halin da yaran zamani ke shiga in sun fara karɓar albashi.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ƙwari na tafiya sai ganyen ya fara fitar da baƙaƙen ɗigo, ɗigon ya yi faɗi, ganyen ya yi rawaya ya faɗo. Abokina ya ce wannan ciwon fumfuna ne, laima ke kawo shi. Ya ba ni wani shuɗin gari a takarda, ya ce in dama da ruwa in riƙa fesawa, kuma da ruwan sama ya ɗauke zai lafa da kansa. Na fesa har farar rigata ta ofis ta koma kamar ta fito daga marina. Ruwa ya ɗauke, aka shiga rani, ciwo yana nan daram. Ganyen da ya rage a jikin itacen ba shi da yawa.

Wata Lahadi abokina ya zo da kansa ya gani. Ya gaida mahaifiyata, ta amsa masa da sakin fuska, har da tambayar mutanen gida, don shi ba ɗan farinta ba ne. Muna zaune a tabarma yana ta jujjuya wani ganye yana mamaki, sai aka kira la'asar. Ta fito da butarta, ta yi abin da ta saba, ta koma ɗaki. Ya bi ta da kallo, sannan ya tashi ya tona tulin ganyen da ke gindin da ƙafa. Ƙasansa jagab yake, ya yi baƙi.

Ya ce, "Kullum haka Inna take yi?"

Na ce, "Kowace salla."

Ya ce, "To, malam, ga ciwonka nan. Itacen nan bai san an shiga rani ba. Ganyensa ba ya bushewa, ciwon kuma yana kwance a wannan tulin, yana tashi yana komawa sama. Ko buhu guda na ba ka na garin nan, aikin banza ne. Ruwa a gindi kawai, ganye ya zauna a bushe, wanda ya faɗo a ƙone shi. In ba haka ba, ba zai ga wata daminar ba."

Na ce, "Kai ka gaya mata mana, tunda tana jin maganarka."

Ya yi dariya ya ce, "Ni in shigo gidan mutane in hana tsohuwa sa albarka? Rufa mini asiri. Itacenka ne, uwarka ce."

Na ɗauki kwanaki ina juya abin. In na yi shiru itacen ya mutu. In na yi magana, na san halinta: ba ta musu, ba ta fushi a fili, amma abin da aka ce ta rage, barinsa take yi ɗungurum. Sau da yawa nakan yanke shawarar a bar itacen ya mutu, ai ba shi ne abincinmu ba. Sai kuma in tuna in ya mutu, kujerar ma bakin rariya za ta koma. Ta ko'ina dai asarar ɗaya ce, sai dai ta hanyar magana akwai ɗan abin da zai tsira.

Na shirya kalamaina tsaf kamar mai rubuta takardar neman ƙarin girma. Wata safiya tana bakin murhu, auta na wanke-wanke, na tsaya nesa kaɗan na ce, "Auta, ki ce wa Inna malamin gona ya ce itacen nan ya gode, albarka ta kama shi. Sai dai wai ganyensa irin na Turawa ne, ba ya son ruwa a ka, an fi so a zuba a ƙasa. Wanda ya zubo kuma wai a sa a wuta."

Auta ba ta san kwana-kwana ba. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Inna, wai in ji Yaya ruwanki ne ke kashe masa itace."

Mahaifiyata ta gyara itacen murhu, ta hura wuta. Sannan ta ce, "Ki ce masa an ji."

Kafin azahar kujera ta koma bakin rariya. Daga ranar ba ta sake bi ta wajen itacen ba, ko shara ta zo yi sai ta kewaye shi. Ni na koma ba shi ruwa da guga kafin in tafi aiki, in tsince ganyen da ya kamu in ƙone, in aske rassan da suka mutu da reza. Maganar abokina ta tabbata, sabon toho ya fito tas babu ɗigo ko ɗaya. Ya zo ya gani yana ta yaba kansa. Ni kuwa ina duban itacen kamar rigar da na saya da tsada ta zo ba ta yi mini ba. Na daina leƙawa ta taga in an kira salla.

Ana tsakiyar bazara, zafi ya kai inda ya kai, aka ce in bi maigidana na ofis rangadi, tafiyar makonni. Na bar wa auta amanar guga, na yi mata alkawarin ɗankwali. Ta rantse har da dafa ƙirji. A hanyar dawowa, a tashar jirgi, na haɗu da wani ɗan uwanmu, yake gaya mini ai auta ta tafi Zariya wajen bikin 'yar gwaggonmu tun washegarin tafiyata. Na ce shi ke nan, an yi ba a yi ba. Na hau kekena zuwa Kawo ina lissafin inda zan samo dashen gwaiba.

Na shiga gida na tarar da itacen kore shar. Ganyensa a bushe ƙamas, ƙasar gindin a share babu ko tsinke, amma da sanyin laima. Da na sunkuya sai na ga an binne wani tsohon tulu mai tsaga a gefensa har wuya, an rufe bakin da fasasshiyar tasa. Na ɗaga, ruwa ne a ciki, yana tsatsafowa ta tsagar a hankali zuwa saiwa. Wanda ya yi wannan ya tabbatar ko ɗigo ba zai taɓa ganye ba.

Auta ta fito tana gyara ɗaurin zane, lallen biki ko dusashewa bai yi ba. Na ce, "Wa ya binne tulun nan?"

Ta ce, "Oho. Ni jiya na dawo, haka na gan shi."

Na ɗaga murya kaɗan yadda za a ji daga ɗaki, na ce, "To wa ke zuba masa ruwa?"

Sai muryar mahaifiyata ta fito daga bayan labule: "Ki ce masa babu kowa. Buta ce ke yoyo."

Butar nan ta ci gaba da yoyo har muka bar gidan. Ban sake ganin lokacin da ake zuba ruwan ba, don ta daina yi a inda ido zai gani, amma ban taɓa ɗaga tasar nan na sami tulun a bushe ba. Itacen kuwa, bayan duk wannan wahala, sau ɗaya ya yi mana 'ya'ya, 'yan ƙanana kamar lemon tsami, tsaminsu ma kusan ɗaya. Auta ta gatsa ɗaya ta tofar, ta ce in wannan Turawa ke ci, ba mamaki ba sa fara'a.

Abin da na koya a aikin gona kaɗan ne: ruwan taba na kashe ƙwari, jiƙaƙƙen ganye na kiran ciwo, kuma tuffa ba ta son Kaduna. Ɗayan darasin shi ya fi zama mini. Yanzu ina jin jikokina suna cewa in ana son mutum a faɗa masa da baki, ban kuma ce sun yi kuskure ba, kowane zamani da nasa. Ni dai mahaifiyata ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba, kuma ko na yini ɗaya ban taɓa shakkar matsayina a wurinta ba. Na gyara mata kuskure ta bakin yarinya, a gaban murhunta, ta ji zafin abin, ta kuma bi gyaran fiye da yadda ni da malamin gona muka iya, sannan ta ƙi yarda a gode mata. Allah Ya jiƙan ta. Har yau godiyar nan tana wurina, ban sami inda zan ajiye ta ba.