Mai Riƙe Kwalekwale

Duk jirgin ruwan da ka gani a tashar Breves da suna mai kala biyu a ƙirjinsa, sama ja ƙasa rawaya, da 'yar baƙar inuwa a gefen kowane harafi, ba sai ka tambaya ba, hannun Seu Ubiratan ne. Bira muke ce masa. A wajenmu ba a cewa mutum yana rubuta suna a jirgi, cewa ake yi yana buɗe haruffa, kuma Bira ya shekara talatin da huɗu yana buɗe su. Gajere ne mai tumbi, ga surutu, ga cika baki. Bai taɓa riƙe abin awo ba, da ido yake raba harafi gida biyu, kuma idan ka yi kuskuren yaba masa sai ka makara a inda za ka, don sai ya ba ka tarihin kowane lanƙwaso.

Abin da baƙo ba zai sani ba shi ne, ba a fito da jirgi tudu don a yi masa suna. Mai jirgi ba shi da wannan lokacin, lodin açaí, 'ya'yan itacen da muke ci kullum, na jiransa. A kan ruwa ake yi. Mai buɗe haruffa ya tsaya cikin kwalekwale a gefen jirgin, gwangwanayen fenti a gindin ƙafarsa, wani kuma ya zauna a baya, hannu ɗaya a igiyar jirgin, ɗaya a filafili, ya hana kwalekwalen yawo. Wannan wanin, tun ranar da Bira ya fara sana'a, matarsa ce Dona Osmarina. Shi fuskarsa na kallon katako, ita idonta na kan kogi. Da ta hango jirgi mai gudu ya wuce, ta san daƙiƙa nawa taguwar ruwan za ta yi kafin ta iso su. Sai ta ce "ɗaga," ya ɗaga buroshi. Ruwa ya lafa ta ce "tafi," ya ci gaba daga inda ya tsaya. Kalmomi biyun nan su ne kusan duk hirarsu a wajen aiki, ragowar kuwa Bira ne ke yi da masu jirgi.

Babu wanda ya taɓa ɗaukar abin da take yi a matsayin aiki, har da mu da muke zaune a bakin tasha muna kallo. Mace ce ta raka mijinta, shi ke nan. Ita ma ba ta taɓa cewa komai ba. Buri ɗaya dai kowa ya san tana da shi, don ba ta ɓoye shi: tana so ta hau jirgin sama ko sau ɗaya, ta ga kogin nan daga sama. Mace ce da ta riƙe gefen jirage sun fi dubu, masu zuwa Belém, masu zuwa Macapá, amma ita iyakarta Breves, nan ma sai ranar kasuwa ko ranar aiki.

Wata shekara, bayan damina ta yi sauƙi, wata budurwa mai suna Tainá ta zo daga São Paulo da na'urar ɗaukar hoto. Aikinta zanen haruffa ne a kwamfuta, kuma tana yawo ne kogi-kogi tana neman masu buɗe haruffa, za su shirya musu baje kolin aiki a birninsu. Yarinyar kirki ce, ba ta da raini. Ta ci açaí da sukari, abin da mu ba ma yi, muka yi mata dariya, ita ma ta yi. Ta sami Bira yana tsakiyar aiki a jikin wani jirgin katako, ta zauna a kan gadar tasha tana ɗauka tana tambaya. Ta kira shi Mestre, wato gwani uban sana'a, kuma wannan kalma ita ta juya masa kai. Sai ta ce, "Mestre, da wa kuke aiki? Kana da abokin sana'a?"

Bira ya bugi ƙirji da hannun da babu buroshi. "Ni? 'Yata, ni kaɗai ne, daga ni sai Allah."

Osmarina na zaune taku biyu a bayansa, igiya ta ci mata tafin hannu. Ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Ɗaga." Ya ɗaga.

Ba mugunta ya yi ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi a labarin. Da mugunta ce da an san inda za a kama. Shi dai bai gan ta ba ne, kamar yadda mutum ba ya ganin ƙafar da yake tsaye a kai.

Bayan wata uku saƙo ya zo a wayar 'yarsu Jucilene, wadda ke aure a Breves. An gayyaci Mestre Ubiratan São Paulo, kwana biyar, jirgin sama da masauki duk a kansu. Tikiti ɗaya. Bira ya koma ƙauyensu Santa Luzia yana rawar jiki, ya tarar da ita tana ɓare jatan lande a bakin ƙofa. Ya faɗa mata, ta saurara har ya gama.

"Tikiti nawa ka ce?"

"Ɗaya. Ai kin san su, tsohuwa, mai sana'ar suke ɗauka."

"Haka ne. Kai kaɗai, daga kai sai Allah." Ta jefa ɓawo a kwano. "To, Allah ya riƙe maka kwalekwalen."

A nan ne maganar ta dawo masa, wata uku bayan ya faɗe ta. Ya ji kunya ta rufe shi, amma Bira mutum ne da idan ya ji kunya sai ya koma wasa. Ya ce, "Ke da ko tsani ba kya iya hawa, jirgin sama zai bar ki da rai? Bari in je in gwada miki shi tukuna. Tafiya ta gaba tare za mu."

"Ka dai tafi da rigar sanyi," ta ce. "An ce garin nasu ba ya tausayin tsofaffi."

Da ya sake shiga Breves, Jucilene ta ja shi gefe ta ce, "Baba, saƙo ɗaya ne fa. In rubuta wa yarinyar nan cewa ku biyu ne, ba za ta ƙi ba." Ya ce a'a, kada a ce daga gayyata ya fara roƙo, idan ya je zai faɗa musu da bakinsa. Gaskiyar magana, yana jin nauyin komawa ya ce wa wadda ta kira shi Mestre ya yi mata ƙarya. Osmarina ce ta wanke masa riguna, ta goge, ta naɗe buroshinsa a tsohon tawul, ta cusa masa ledar garin rogo a jaka don ta ce na can ba gari ba ne. Ranar tafiya ita ta tuƙa shi har inda zai hau babban jirgi, amma ba ta tsaya ɗaga hannu ba.

A jirgin sama an ba shi kujerar taga. Ya ga kogin ya rarrabu cikin daji, siriri-siriri, har bai gane wanne ne nasu ba. Ya juya zai ce "duba," sai ya ga wani baƙo yana barci da baki buɗe.

A São Paulo sun karɓe shi hannu bibbiyu. Wani babban ɗaki ne, an rataye hotunan jirage, matasa sun cika shi da jarfa a hannu da tabarau iri-iri. Suka ba shi farin bango, suka ce ya buɗe musu kalma ɗaya a gaban jama'a. Ya tsoma buroshi, ya ja layin farko, layin ya karkace. Ya goge ya sake, ya sake karkacewa. Ashe shekara talatin da huɗu gwiwoyinsa sun saba da lilon ruwa, yanzu ƙasa ta tsaya cak, jikinsa kuwa bai daina lilo ba. Ban da haka, kunnensa na ta jiran a ce masa "tafi," ba wanda ya ce. Ya tsaya da buroshi a sama har fenti ya ɗiga masa a takalmi. Matasan suka ɗauka salon gwanaye ne, suna ta ɗaukar hoto.

Da ƙyar ya haɗa kalmar, kuma shi ya san ba ta kai ta jikin jirgin kifi mafi araha a Breves ba. Ranar Alhamis, ranar ƙarshe, aka ba shi abin magana. Duk surutunsa, sai da ya yi gyaran murya sau uku.

"Na yi wa yarinyar nan ƙarya," ya ce, yana nuna Tainá. "Na ce mata ni kaɗai nake aiki. Mu biyu ne. Duk layin da kuka gani a hotunan nan ya miƙe, matata ce ta miƙar da shi. Ni fenti kawai nake shafawa. Ku duba hoton can, wancan hannun da ke gefe, da aka yanke rabinsa, nata ne."

Aka yi ta tafi. Tainá ta zo ta rungume shi tana hawaye, ta ce laifinta ne da ba ta tambayi matar ba. Ta ce a watan Nuwamba za a kai baje kolin birnin Rio, kuma wannan karon tikiti biyu ne, da sunan Dona Osmarina a jikin bango daidai da nasa.

Bira ya fito yana jin kamar an sauke masa buhu daga ka. Ya so ya kira Jucilene, sai ya fasa. A Santa Luzia babu sabis, sai dai 'yar ta kai saƙon da bakinta, shi kuma yana so ya ga fuskar tsohuwar da idonsa lokacin da zai faɗa. Har ya shirya yadda zai ja mata rai. Da safe ya manta cajarsa a masauki, wayar ta mutu kafin ya sauka Belém, bai damu ba. Ya kwana gidan wani ɗan'uwansa, ranar Asabar ya ɗaura ragar kwanciyarsa a babban jirgi, ya yi ta ba makwabtansa labarin São Paulo har suka gaji.

Ranar Lahadi da hantsi ya sauka Breves. Mijin Jucilene ne ya tarye shi a tasha, ya karɓi jakar. Masu dako da suka saba tsokanarsa duk suka sunkuyar da kai.

Ashe tun ranar Juma'a da safe, Osmarina na wanki a kan gada ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Dama tana da hawan jini, tana shan magani idan ta tuna. Maƙwabta suka sa ta a ƙaramin jirgi, tafiyar awa biyu ce zuwa asibiti, ba ta kai ba. Sun kira wayarsa ya fi sau talatin. Da zafin garinmu ba a ajiye gawa, ranar Asabar aka binne ta, daidai lokacin da yake ɗaura raga yana ba da labari.

Maƙabartar Santa Luzia na kan ɗan tudun da ruwa ba ya kaiwa. Jucilene ce ta kai shi. Ƙasar ba ta bushe ba tukuna. An kafa farin gicciye na katako, da sunanta a jiki, da baƙaƙen haruffan leda irin waɗanda inji ke yankawa a shago a manna. Harafi ɗaya har ya fara ɗagowa a gefe. Bira ya daɗe yana kallonsu. Ya sa farce zai ɓamɓare.

"Bar shi, Baba."

"Leda ce fa, Juci. Uwarki ce. Bari in buɗe mata da hannuna."

"Wanda yake nan shi ya yi. Bar shi."

Ya janye hannunsa. Ya durƙusa a laka da wandon tafiyarsa, ya ce, "Tsohuwa, na faɗa musu. A gaban kowa na faɗa." Ya yi kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba, 'yar tana tsaye a kansa ba ta taɓa shi ba.

Bai sake hawa kwalekwalen aiki ba. Masu jirgi sun zo sun roƙa, wasu sun ce za su kawo masa mai riƙewa, ya ce idonsa ya raunana. Ya koma gidan Jucilene a Breves, yana wuni a baranda, surutun nan duk ya ƙare.

A farkon Oktoba saƙon Tainá ya shigo wayar Jucilene, don babu wanda ya tuna ya sanar da ita. Tana gaishe su, tana murna, tana neman cikakken sunan Dona Osmarina da ranar haihuwarta za a yanki tikiti, ta kuma tambaya ko uwar gida ta fi son kujerar taga. Jucilene ta karanta masa. Tun ranar maƙabarta ba ta cika yi masa magana ba, amma ranar ta zauna kusa da shi a benci.

"Me zan ce mata, Baba?"

Ya murza tafin hannunsa.

"Rubuta mata sunan. Cikakke, kada ki rage ko ɗaya. Ki ce e, ta taga take so."

"Baba, ai dole a faɗa mata."

"Na sani. Za a faɗa." Ya share fuska da gefen riga. "Ki bari su yanka mata tukuna. Sauran maganar sai gobe."