Hoton Allurar Shanu

Har yau ban manta da ranar da manajanmu ya ajiye mini hoton nan a kan tebur ba. A Bawku ne, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ina akawu a wata ƙungiya mai kula da lafiyar dabbobi. Ni aka tura Yendi, inda babban ofishinmu yake, na koyo kwamfuta, don haka rahoton shekara a hannuna yake.

Ku na yanzu ba ku san wahalar sa hoto a takarda ba. Sai ka kifa shi a sikana, na'urar da ke kwafar hoto zuwa kwamfuta, ka jira, sannan ka shigo da shi shafin da kake rubutu. Ka kama kusurwarsa da maus, wato linzamin kwamfuta, ka rage ko ka ƙara. In ka kuskure ka kama gefe, mutum ya koma gajere mai faɗi. Akwai kuma datsewa: ka tura gefen hoto ciki, duk abin da ke wurin ya ɓace.

Hoton na allurar shanu ne a wani ƙauye ta wajen Tempane. Baba Idrisu, mai allurarmu, yana riƙe da ƙahon bijimi, rigarsa sharkaf da gumi. Shi ya ƙare rani yana bin garkuna a kan keke lokacin da ciwo ya shiga shanu. Manaja kuwa yana ɗaya gefen cikin fararen kaya. Ɗaukar hoton ce ta kai shi. A shekarar ana shirin rage ma'aikata, kuma da wannan rahoto mutanen Yendi za su duba wanda za a bari a bakin aiki.

Na haskaka hoton, na daidaita shi a tsakiyar shafi, na rubuta sunayensu a ƙasa. Manaja, wanda muke kira Masa, ya leƙo ta bayana.

"Hawa, datse tsohon nan. Ya cika wuri."

"Masa, sai in rage hoton duka, kowa ya shiga."

"Ban ce ki rage ba."

"Masa, ai shi ya yi aikin."

"Ke aka tambaya?"

Na janye hannuna daga maus, na ce ba zan iya ba. Bai ɗaga murya ba. Ya sa na kwafa masa aikin a faifai, ya kai wani shagon buga takardu a bakin kasuwa. Can suka datse, suka goge sunan.

Kafin damina ta sauka aka sallami Baba Idrisu. Ni aka mayar da ni reshen Salaga, inda babu kwamfuta sai tsohuwar tafireta. Manaja ya samu ƙarin girma, ya koma Yendi.

Ina ɗaure kayana Baba Idrisu ya shigo yi mini sallama. Ya ce ya ji hotonsa ya shiga littafi, in nuna masa. Na yi ta kewaye-kewaye, ya nace. Na miƙa masa rahoton, ya buɗe shafin. Masu shagon ba su iya datsa ba: sun cire mutum, sun bar hannunsa a kan ƙahon, daga wuyan hannu zuwa yatsu.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora nasa hannun kusa da hoton.

"'Yata, wannan hannu nawa ne."

"Naka ne, Baba."

Ya yi wata 'yar dariya da ban so ji ba. "To, sun bar abin da suke buƙata."

Ya rufe rahoton a hankali, ya sa mini albarka, ya tura kekensa ya fita.

Ƙin da na yi bai ceci kowa ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce ya ceta ba. Abin da na koya shi ne, a aikinmu gyaran hoto ba ya ɓata wa kowa rai sai in an zo kan wa zai rage a ciki, kuma ba mai maus ke yanke wannan ba. In aka miƙo muku rahoto mai kyan hoto, kada ku tsaya kan fuskar da ke tsakiya. Ku duba gefe tukuna.