Tsibirai Biyu a Ajinmu na Juma'a

Na haura shekara arba'in lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci a Doha. Ranar Juma'a ake yi bayan la'asar, a wani ɗaki da ke saman shagon ɗinki a Fereej Abdel Aziz. Ɗana ne ya hana ni sukuni har na je. Saura masa shekara ɗaya ya gama sakandare a gida, amma kullum sai saƙon murya: malamai ba sa zuwa, iska ta yaye rufin aji, in nema masa biza ya zo. Kafil ɗina kuma, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, ya ce akwai gurbin da yaron zai shiga a siton da nake lodin kaya, in ba shi amsa kafin wata ya ƙare. Ina wajen aiki hankalina na kan waya. Da wane baki zan ce wa yaro ya tsaya ya yi karatu, ni ko sunana ban iya rubutawa ba?

Ranar farko na ɗauki 'yar kujerar roba daga ɗakinmu. A ƙauyenmu haka ake yi, yaro ya ɗora bencinsa a ka ya tafi makaranta, in an tashi ya dawo da shi. Ban taɓa shiga aji ba, amma na sha ganin su suna wucewa ta bakin gonarmu.

Na tarar da kujeru a jere, har da tebura. Malaminmu mutumin tsibirin Moris ne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, yana koyar da mu kyauta. Ya dubi abin da na rungumo.

“Baba, aski ka zo yi mana?”

Aka yi ta dariya. Mutum ɗaya ne bai yi ba, wani ɗan tsibirin Komoros da muke lodi tare. Cikin Larabcin kasuwa da muke fahimtar juna da shi ya ce, “Malam, ƙyale shi. Ni ma a kan buhu na zauna, shi ma sai da na zo da shi daga gida.”

Daga nan darasi ya watse. Malam ya ce a wajensu gwamnati ce ke ɗaukar makaranta, ɗalibi ko kuɗin bas ba ya biya.

“Ku masu arziki ne,” in ji ɗan Komoros.

“Wane arziki? Rake muke da shi da ruwan gishiri. Ba mu da mai, ba mu da zinariya. Shi ya sa aka zuba abin da ke akwai a kan yara.”

“Mu ma teku ɗaya muke sha da ku. Malaminmu dai in albashi ya makara sai ya ɗauki fatsa ya tafi kamun kifi. Mu ma mu bi shi.”

“Ka iya kamun kifin dai ko?”

“Na iya. Ka ga teku a cikin sito?”

Ban san iyakar gaskiyar kowannensu ba, kowa garinsu yake faɗi. Abin da idona ya gani shi ne, ga mutum biyu daga ƙananan tsibirai, kusan sa'o'in juna. Ɗaya ya sauka Doha da takarda, yana shiga manyan gidajen Al Thumama da jakar aikinsa. Ɗayan yana gefena, bayansa ɗaure da majanyi saboda ciwo.

Da aka tashi ban tafi ɗaki ba. Na yi ta zagaya layin, in ciro waya in mayar. Makarantar yaron ta fi kama da ta ɗan Komoros, wannan ba ƙarya ɗana ya yi mini ba. Daga ƙarshe na kira ƙanwata da ke aure a birni, inda malamai ke zuwa aji, ta yarda ya koma wajenta. Sannan na yi wa yaron saƙo na ce babu biza sai ya gama.

Amsarsa ta zo washegari: “To, Baba.” Bai ƙara komai ba.

Kafil ya ce khalas, shi ke nan, ya ba wani gurbin. Yaron yana birni, ƙanwata ta ce yana zuwa makaranta, amma har yau ba ya kira na sai in ni na kira.