Yadda Na Kai Baba Wajen Likita Mai Jirgi

Madawa zuwa Buza

Ana sallame sallar asuba na saɓi jakata na nufi tasha, ina sauri kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Labari ne ya hana ni zama: wani tsohon likita Bature ya sauka Keita yana cire yanar ido, makafi suna komawa gida ba ɗan jagora. Mahaifina kuwa damina uku ke nan ba ya gani, yana zaune a zaure a Tabotaki, ƙananan jikokinsa da murya kawai ya san su. An kuma ce likitan ba zai wuce ƙarshen wata ba.

Kamyon albasa na samu, wato babbar motar kaya. Da direban ya ji ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, sai ya hau ce mini Mushe ya ba ni gaba, muka yi ta hawan duwatsu muna tsinkar kilishi. Jandarman bakin hanya ma bai tsare mu ba, albasa ya zaɓa ya ɗaga sanda.

"Mushe, ai Mai Jirgi a ka ce mishi," in ji direba. "Sojan sama na da, tun jirgi na katako da ƙyalle. An ce har ƙasag ga tamu ya ratsa ta bisa. Ya aje bindiga ya ɗauki almakashi!"

Yana faɗin haka na san akwai aiki a gabana, don Baba da jirgi ba sa ga maciji.

Tabotaki

Daga Buza na bi wani makiyayi a bayan raƙuminsa, muka isa da la'asar. Tun muna yara mun haddace labarin Baba da jirgi. Baba yana saurayi aka kwashe su aikin dole, suka share filin saukar jirgi a kan tudun Buza, suna tsince duwatsu da hannu, bulala tana bin bayansu. A can wani dutse ya datse masa yatsa.

Na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa masa gaskiya. Na ɗauka zai kore ni. Sai ya miƙe tsaye yana laluben sandarsa.

"Mai jirgi ka ce? A ɗaura mini sirdi. Amma ka sani ba magani ni ka biɗa ba. Magana gare ni, na aje ta tun ba a haihe ka ba."

Murna da tsoro suka haɗe mini. Tsohon zai je dai, amma rigima za shi.

Keita

Muka kwana a hanya a wata ruga, aka cika mu da nono mai ɗumi da tuwon dawa. Baba kuwa sai murza hannunsa yake yi. Washegari da hantsi muka gangara Keita. Tsofaffi cike da inuwar asibiti, wasu da bandeji, wasu da tabarau masu kauri suna ta kallon tafin hannunsu suna dariya.

Likitan dogo ne, kansa fari fat, yana ɗan ɗingishi, Hausarsa irin ta tsofaffin sojoji. Ya sunkuyo zai buɗe idon Baba, Baba ya ture hannunsa, ya ɗaga nasa mai yatsu huɗu.

"Dakata, Nasara. Ka san wanga hannu?"

Na ce a raina shi ke nan, mun sha wahalar banza. Baba ya zayyana masa komai, bai rage bulala ko ɗaya ba. Likita ya tambaya wane fili ne. Da ya ji na tudun Buza ne sai ya cire hularsa ya zauna a ƙasa, a gaban kowa.

"Malam, ni na sauka a wurin. Injina ya mutu a sama, na gangaro ba yadda zan yi. Da dutse ɗaya ya saura a filin nan, da kabarina yana Buza. Na fito ina murna, sai na ga hannuwan mutanen da suka tsaya kallo. Daga sama ban taɓa ganin hannun kowa ba. Shekara ba ta zagayo ba na tuɓe kaki na koma makaranta." Ya dubi hannun Baba. "Yatsanka ba zan iya mayar maka ba."

Ni dai ina kallon bakin Baba. Can ya gyara zama.

"To. Ni na share maka hili. Kai ma ka share mini nawa. Kuma kak ka bar ko tsakuwa."

Na kusa yin tsalle da girmana! Aka yi aiki a ido ɗaya, aka kwantar da shi, buhunan yashi biyu suna tallafe da kansa don kada ya motsa. Mako guda ina ba shi kunu da ludayi yana yi mini faɗa. Ranar kwance bandeji aka ɗora masa tabarau, ya ƙifta, ya ƙura wa likita ido.

"Ashe kai ma ka tsuhwa." Ya juyo gare ni. "Wanga mai sanƙo hwa, wa na?"

Na fashe da dariya, hawaye suna zuba, ban ko ji kunya ba.

Komawa gida

Kamyo muka shiga ta Buza. Muna hawa tudu Baba ya buga ƙarfe ya ce a tsaya. Filin nan babu shi, duwatsu sun dawo, awaki suna kiwo. Na miƙa masa hannu ya ƙi. Ya taka shi kaɗai, ya duƙa, ya ɗauki dutse ya jefar gefe, yana mita wai an bar aikinsu ya lalace. Direba ya yi ta danna oda, ko a jikinsa.

Mun shiga Tabotaki rana tsaka, gari ya fito, mata suna guɗa. Baba ya zauna a zaurensa ya sa aka jera masa jikoki.

"Kowa shi yi kurum. Ɗai-ɗai za ku gaishe ni, in ga wa ad da wace murya."

Ƙaramarsu ta ce, "Ina wuni, Kaka." Ya riƙe fuskarta da hannun nan mai yatsu huɗu, ya daɗe yana kallo.

"Ke ta ashe," ya ce. "Kin biyo kakakki."

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sannan ga direban albasa, da mutanen rugar da suka ciyar da mu, da tsohon sojan da bai bar ko tsakuwa ba.