Ranar da Malam Haruna Ya Ƙi Karanta Wasiƙa

Wata Talata ce cikin kaka, ina aji huɗu, muna zaune a gindin darbejiya saboda iska ta yaye kwanon ajinmu tun farkon damina, sai ga Baffa, mahaifina, ya shigo makaranta da sanda a kafaɗa, wasiƙa a hannu. A ƙauyenmu na wajen Kafin Hausa, duk wanda aka aiko wa takarda, wurin malaminmu, Malam Haruna, yake kai ta a karanta masa. Baffa kuwa ya riga ya yanke cewa da an gama shigar da gero zai cire ni in riƙa bin Inna, mahaifiyata, tallar nono. A ganinsa shekara huɗu ban tsinana komai ba sai wasan gaɗa.

Malam ya gaishe shi, ya tambayi shanu, ya karɓi wasiƙar, sai kawai ya miƙo mini. Ya ce, "Baffa, yau idona zai huta. Ga 'yarka." Ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban Baffa ba, na fara haɗa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Daga kawuna ce da ya yi kudu da garke, yana cewa matarsa ta sauka lafiya, kuma jar saniyar nan ta warke. Malam bai taya ni ko da kalma ɗaya ba, amma ina ganin leɓensa yana motsi tare da nawa. Baffa ya sa na maimaita wurin saniyar, ya ninke takardar, ya ce wa Malam, "To, gobe ma ta zo." Malam ya juya yana ta goge allon da babu rubutu a kansa.

Daga baya na ji an sha kiransa aikin ofis a Dutse yana ƙi. Yakan ce, "Ni a nan nake ganin shukata tana tsirowa."

Yanzu a Dutse nake aure, 'ya'yana adaidaita sahu ke kai su aji mai rufi da kujeru. Malamansu suna ƙoƙari, sai dai da yawansu ido na kan wani aikin, ban kuma ga laifinsu ba, rayuwa ta yi tsada. Malam ya rasu ban taɓa zama na gode masa ba, kunya ta hana. Sai dai in sa shi a addu'a tare da iyayena.