Ranar da Kare Ya Ciji Sallau

Shekara goma sha tara Sallau ya yi yana duba dabbobi a buron kiwo na Malbaza, wato ofishin kula da dabbobi, kuma duk garin babu mai saurin murna kamarsa. Wata ranar kasuwa wani makiyayi, Abdurrahaman, ya kawo masa karensa a amalanke. Babur ne ya buge shi. Ƙashi bai karye ba, amma ƙafar gaba tana ja a ƙasa kamar tsumma.

Sallau ya matse yatsan karen da hantsaki. Karen bai ko waiwayo ba.

"Jijiya ce ta taɓu, Malam Abdu," in ji shi. "In ya fara jin zafi, ƙafar za ta dawo. In shiru har wata uku, sai haƙuri."

Duk sati suna zuwa, yana matsawa, karen yana hamma. A sati na biyar, yana matsawa sai karen ya yi ƙara ya cafke masa hannu.

"Ya cije ni! Wallahi ya cije ni!"

Sallau ya fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, yana rawa yana nuna wa masu shayi hannun. Abdurrahaman ya biyo shi yana ba shi haƙuri, shi kuwa ya rungume shi, dariya ta hana shi magana. Sai da aka tuna masa sannan ya wanke ciwon da sabulu. Allurar rigakafin haukar kare dama shi ya yi wa karen.

Kafin kaka karen ya koma bin shanu, da ɗan ɗingishi.