Kwalbar Iya Safara'u

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, uku ga Satumba, 1957, Allah Ya karɓi ran Iya Safara'u mai koko ta Unguwar Sarki, bayan gajeriyar jinya. Murar nan ce da ta game Kaduna bana ta sauka mata a ƙirji.

Iya, duk mai zuwa ɗakin shan magani na unguwarmu ya san ki, ya kuma san ƙa'idar wurin: wanda bai zo da kwalba ba, ba a zuba masa maganin tari. Ke ce kike tsinto kwalabe, ki wanke su da toka, ki toshe da totuwar masara, ki jera kusa da tukunyar kokonki. Wanda ya manta tasa sai ki miƙa masa ɗaya, amma sai kin yi masa tsiya tukuna.

Da murar ta yi tsanani cikin marka, layi ya kai bakin hanya, ko'ina tari da atishawa, kwalabenki suka ƙare ƙaf. A wannan makon na zo da 'yata Hasana a kafaɗa, jikinta zafi rau, numfashi sama-sama. Ruɗewa ta sa na fito hannu rabbana. Kafin in je gida in dawo an tashi, ita kuwa ba ta da ƙarfin jiran gobe.

Kina gabana a layi, ba tukunya, kin lulluɓe da zane kina rawar ɗari. Kika waiwayo.

"Ɗan nan, a hularka za a zuba maka?"

Kika zaro kwalba daga cikin zane kika danƙa mini. Na ce, "Iya, ke fa?"

"Tsohuwa ta saba da tari. Gobe ma rana ce."

Kika fita daga layin kika tafi gida.

Hasana ta tashi, yanzu haka tana tsakar gida tana wasa. Da maganin ya ƙare na wanke kwalbar na nufo gidanku in mayar, sai na tarar da tabarmi a ƙofa. Ɗanki Datti ya ce tun ranar ba ki sake fita ba. Rai da ajali na Allah ne, na sani. Duk da haka na yi kuka, Iya, ban ji kunyar kowa ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga Alkausara. Ya ba Datti da ƙanwarsa Kaltume haƙurin rashi, Ya yaye mana wannan cuta.

Kwalbar kuwa Datti ya ƙi karɓa. Jiya na kai ta gurbin tukunyarki na ajiye. Kafin in juya wata mai goyo ta ɗauka, tana tambayar wa za ta yi wa godiya. Na faɗa mata sunanki.